Dogon allo ga mai jiki: abin da sikeli ya koya mini

Duk mai jikin da ya shigo shagon sassaƙa allon hawan igiyar ruwa, buƙatarsa kusan iri ɗaya ce: a yi masa allo dogo da zai ɗauke shi, amma kada ya yi nauyi. A shagon da na koyi wannan sana'a a Durban, bakin tekun Indiya a Afirka ta Kudu, irin waɗannan mutane ba sa yankewa, kuma yawancinsu sun riga sun ji labarin cewa allon ifoksi, wato allon soso mai sauƙi da ake lulluɓewa da wani ruwan ƙaro mai ƙamewa da ake kira ifoksi, ya fi tasowa a kan ruwa. Da wannan zance suke zuwa, sai ka yi da gaske kafin ka raba su da shi.

Lissafin ba shi da wuya. Ruwa bai san da me aka yi allo ba, girman abin da ya nutse kawai ya sani. Kowace lita ɗaya da ta shiga ruwan teku tana ɗaga kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Ɗauki allo mai tsawon ƙafa 9 da inci 6, faɗi inci 23 da rabi, kauri inci 3 da kwata; cikinsa zai kai kusan lita 80. Idan an sassaƙa shi daga farin soson EPS da ake yin allon ifoksi da shi, wato irin wanda ake tokare sabuwar talabijin da shi a kwali, mai nauyin kilo 24 a kowace lita dubu, soson zai tashi kusan kilo 2. Idan kuma da soson foliyuretan ne, wanda aka saba yin allo da shi, mai kilo 40, zai tashi kilo 3 da ɗan wani abu. Bambancin bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Mutumin da zai kwanta a kai kuwa kilo 110 ne. Maigidana kan ɗora ƙwaryar allo a sikeli ya nuna wa mai saye, sannan ya ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan ai abin da ka ci da rana ne." A yi dariya, sai a zauna a yi maganar da ta dace.

Maganar da ta dace ita ce inda za a zuba waɗannan litoci. Mai jiki yana shan wahala ne tun kafin ya miƙe tsaye, lokacin da yake kwance yana tuƙi da hannu don ya kamo igiya. Idan allon ya nutse a ƙarƙashin ƙirjinsa, ruwa yake turawa, igiya ta wuce ta bar shi. Don haka kauri ya kamata ya taru daga ƙirji zuwa cinya, a kuma rage lanƙwasar allon daga hanci zuwa wutsiya, domin allo mai miƙewa ya fi gudu idan ana tuƙi. Wutsiyar ma a faɗaɗa ta, tunda nan zai taka idan zai juya. Gefuna ne wurin da masu koyo suka fi ruɗewa. Suna ganin tunda mutum ƙato ne, sai a bar masa gefe mai kauri kamar tsakiya. Gaskiya ne nauyinsa zai iya danna gefen da siririn mutum ba zai iya ba, amma gefe idan ya cika kumburi ba ya kama jikin igiya, sai allon ya riƙa zamewa. Ana barin tudu a tsakiya, a zaftare shi a hankali zuwa gefe. Daidai ruwa daidai tsaki.

To me ya sa ake wahala da ifoksi, tunda ribar nauyin ba ta taka kara ta karya ba? Wani ɓangare na amsar tarihi ne. Neman sauƙin nauyi ya daɗe a wannan sana'a. Allunan sarakunan Hawai na dā icce ne zalla, wasu sun haura kilo 45, kuma a ƙarshen shekarun 1920 wani Ba'amurke mai hawan igiya, Tom Blake, ya fito da allo mai rami a ciki. Daga ƙarshen shekarun 1950, bayan aikin masu yin allo Hobie Alter da Gordon Clark a Kalifoniya, soson foliyuretan da ruwan foliyesta, wani ƙaro da ake shafa masa, suka mamaye kasuwa. A ranar 5 ga Disamba 2005 kamfanin Clark Foam, wanda shi ke samar da mafi yawan soson allo a Amurka, ya rufe ƙofa ba sanarwa. Masu sassaƙa da yawa suka koma EPS ba don suna so ba. Shi kuma EPS ba ya shiri da foliyesta, narkar da shi take yi nan take, dole sai ifoksi.

Ɗaya ɓangaren amsar shi ne darasin da na fi riƙewa. Kilon da ka rage a soso, ba aljihu za ka sa shi ba, fata za ka mayar wa. Allo kamar karan dawa yake: ƙarfinsa na ɓawo, totuwar ciki aikinta kawai ta raba ɓawon sama da na ƙasa. Siririn yaro zai iya hawa allon da aka rufe da yadin faiba (zaren gilashi) mara kauri mai oza 4, amma dugadugan mai kilo 110 za su lotsa shi cikin 'yan makonni, kuma inda ya lotsa nan fata ke fara rabuwa da soso. A irin wannan aiki muna shimfiɗa yadi mai oza 6 ninki biyu a sama, ninki ɗaya a ƙasa, sannan mu ƙara faci a inda ƙafafu da gwiwoyi ke sauka. Soso mai sauƙi sosai, na kilo 16, ba ma taɓa shi sai in za a lulluɓe shi da siririn katako ko wani soso mai tauri, wanda wannan wani aiki ne dabam da ke buƙatar injin zuƙe iska. Ramin da fiffiken ƙasa ke zama a cikinsa kuwa sai an dasa masa guntun soso mai tauri, in ba haka ba rana ɗaya zai tumɓuke. Kauri ma yana taimakawa ta inda ba a zata: taurin irin wannan gini yana ƙaruwa ne da ninkin kaurin a kansa, don haka kwatan inci da aka ƙara a kan inci 3 yana kawo ƙarin tauri na kusan kashi 17 cikin ɗari, kusan kyauta.

Akwai kuma abin da masu saye ba sa son ji, cewa dogon allo idan ya cika sauƙi lalacewa yake yi. Daɗinsa shi ne sululun nan da yake yi idan ya ɗauki gudu, kuma nauyi ne ke riƙe masa gudun. A Durban idan iskar arewa maso gabas ta taso ta hargitsa fuskar ruwa, allo mara nauyi sai ya riƙa tsalle-tsalle a ƙarƙashin ƙafa, iska na ɗaga masa hanci. A ganina kilo 7 zuwa 8 ya fi dacewa da mai jiki fiye da allon kilo 5 da ake yi wa talla. Wasu masu sassaƙa ba su yarda da ni ba, kuma suna da hujjarsu, musamman ga dattijon da ɗaukar allo daga mota zuwa bakin ruwa ke gajiyar da shi.

Shi kansa ifoksi ba ya son gaggawa ko ƙiyasi. Mai aikin foliyesta ya saba ƙara ɗigon sinadari idan yana son ya daskare da wuri. A ifoksi babu wannan. Yawanci kashi biyu ne na ifoksi da kashi ɗaya na sinadarin da ke ƙamar da shi, idan ka karkata ko ta wane gefe sai ya ƙi ƙamewa, ya zauna da danƙo har abada. Ana auna shi da sikeli ko kofi mai alama, a gauraya sosai har gindin mazubi. Safar hannu wajibi ce, domin fatar mutum idan ta fara ƙinsa ba ta dainawa, kuma akwai waɗanda haka ta raba su da sana'ar. Lokacin shafawa ma sai an duba. Akwai iska tsakanin ƙwayoyin EPS, idan ɗaki na ɗumama sai ta faɗaɗa ta huda ifoksin da bai bushe ba da ƙananan ramuka, ta nan ruwa zai shiga daga baya. Shi ya sa muke jira sai la'asar, zafi ya fara sauka, soso na shaƙar iska ciki maimakon fitar da ita.

Wannan iskar ce dai ke kashe allo bayan ya bar shago. Rufaffiyar mota a ranar Janairu, lokacin zafi a Durban, ta isa ta kumbura fatar allo ta rabu da soso, shi ya sa a manyan alluna ake dasa ɗan marfin numfashi. Kafin mai allo ya tafi muna gaya masa ya ajiye shi a inuwa cikin jaka mai haske, kuma idan ya fashe ko kaɗan ya fito da shi daga ruwa nan da nan, ya bar shi ya tsane na wasu kwanaki kafin a liƙe, kada kuma ya yarda wani ya gyara masa da foliyesta.