Pakpattan: mashigin da kogi ya ƙaurace wa

Na isa Pakpattan, a lardin Punjab na ƙasar Pakistan, da la'asar bayan tafiyar kusan kilomita 200 daga Lahore, kuma abin da na fara nema shi ne kogi, domin an gaya mini ma'anar sunan garin ita ce mashigi mai tsarki: "pak" tsarki ne, "pattan" kuwa shi ne wurin da ake shiga kwale-kwale a ƙetare ruwa. Na tarar da tsohon gari a kan tudu, da lunguna matsattsu masu hawa zuwa hubbaren waliyyi Baba Farid, amma Kogin Sutlej, wanda a da yake wucewa ta gindin tudun, ya daɗe da sauya hanya, sai an yi tafiyar kilomitoci kudu kafin a kai gaɓarsa.

Sunan garin na dā Ajodhan. A nan Baba Farid, wato Shehu Fariduddin Mas'ud, babban malamin ɗariƙar Cishtiyya, ya zauna ya karantar har ya rasu wajen shekarar 1265, kuma a nan Nizamuddin Auliya, shahararren shehin Sufaye na Delhi, ya yi almajiranci a hannunsa. Ibn Batuta ma ya ratsa garin a 1334. Ana lissafa Baba Farid cikin farkon waɗanda suka yi waƙa da harshen Punjabi, har mabiya addinin Sikh suka adana baitocinsa a littafinsu mai tsarki. Duk shekara a farkon Muharram garin kan cika maƙil da masu ziyara. Wannan shi ne abin da baƙi suka sani, amma ni ƙauyukan gundumar ne suka fi tsaya mini a rai.

Yawancin ƙauyukan da na ratsa tsakanin Pakpattan da Arifwala ba a kiransu da suna, sai dai a ce "Chak" lamba kaza, a haɗa da haruffa biyu. Dalili kuwa shi ne, kafin shekarun 1920 babban ɓangaren wannan yanki, da ake kira Nili Bar, daji ne na makiyaya. Turawan Ingila suka gina madatsar ruwa a Sulemanki, suka haƙa babbar magudana daga Sutlej, suka yanka ƙasa murabba'i-murabba'i, kowane guda eka 25, sannan suka kwaso manoma daga wasu sassan Punjab suka zaunar da su a sababbin ƙauyuka masu miƙaƙƙun layuka. A 1947, da aka raba Indiya da Pakistan, 'yan Hindu da 'yan Sikh suka tashi, Musulmin da suka gudo daga gabashin Punjab suka maye gurbinsu, shi ya sa har yau dattijo zai ambata maka garin kakanninsa a ƙetaren iyaka kafin ya ambaci lambar ƙauyensa.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin rabon ruwa da suke kira "warabandi". Ruwa yana fita daga magudana ta wata ƙaramar kafa da ake ce wa "moga", ya bi lambatu zuwa gonaki, kuma sa'o'i 168 na mako an kasa su tsakanin manoman da ke kan lambatun, kowa gwargwadon faɗin gonarsa. Wanda rabonsa ya faɗa ƙarfe biyun dare, to ƙarfe biyun dare zai fita da fitila da shebur, ko da sanyin Janairu ne da hazonsa mai hana ganin gaba. Mai masaukina ya tashe ni wani dare na raka shi, na ga yadda maƙwabcinsa ya tsaya yana duban agogo, da lokaci ya cika ya toshe bakin gonarsa da laka, shi kuma ya buɗe nasa, ba tare da an yi wata doguwar magana ba. A ganina adalcin tsarin yana da giɓi babba, domin na ƙarshen lambatu yana samun mintunansa cif, amma ruwan da ke isa gare shi ya riga ya ragu a hanya, kuma harajin ruwa, wato "abiana", ba ya sauka daga kansa.

Shi kansa ruwan ba na Sutlej ne zalla ba yanzu. Yarjejeniyar 1960 tsakanin Indiya da Pakistan ta bai wa Indiya kogunan Sutlej da Biyas da Rawi, don haka ake jawo ruwa daga kogunan yamma ta wasu dogayen magudanai zuwa Sulemanki. Inda bai wadatar ba, manomi ya koma ga rijiyar burtsatse, kuɗin dizal da na lantarki su cinye ribar alkama da masara da dankalin turawa da auduga. Gidajen da na shiga da yawa madarar ɓauna ce ke riƙe da cefanensu na yau da gobe, irin baƙar ɓaunar nan ta gida da ake kira Nili-Rawi, kuma ba a bari baƙo ya tashi sai ya sha babban kofi na kindirmonta da aka dama, wanda suke kira "lassi".

Da na kai gaɓar Sutlej washegari, rairayi na gani da ɗan siririn ruwa, mutane sun yi shuka har cikin tsohuwar hanyar kogin, wasu sun gina gidaje. Waɗannan su ne ambaliyar Agustan 2023 ta kora da dabbobinsu, ta sake dawo musu a 2025. Wani mai kwale-kwale da na samu a wurin ya nuna mini alamar da ruwan ya bari a jikin bangon masallacin ƙauyensu, sama da tsayin ƙirjina, sannan ya koma kan aikin lilliƙe jirginsa da kwalta.