"Bayan isha'i" da ta kunyata ni a Jidda

Shekarata 11 a Jidda, amma sai a walimar saukar ɗana na gane "bayan isha'i" ba lokaci ɗaya ba ne. Kalma biyu kacal na rubuta a katin gayyata na tura ta WhatsApp, su ne har yau in na tuna sai in ji gabana ya faɗi.

Sauran shirin babu abin faɗa. Tun saura wata guda na kama istiraha, wato gidan taro na haya, a unguwar Hamdaniyya, irin mai ɓangaren maza da na mata. Ranar Alhamis da dare na sa, don tun 2013 da hutun mako ya koma Juma'a da Asabar kowa a wannan daren yake taronsa, wanda ya yi sanya ba ya samun wuri. Na ba da odar mandi, wato shinkafa da naman da ake gasawa a rami, na rago biyu. Maiɗakina da 'yan'uwanta suka ɗauki nauyin gahawa da dabino da shayi. Da mai dafa mandin ya tambayi ƙarfe nawa za a kawo, ƙanin matata, haifaffen Makka, shi ya yi caraf ya ce sha ɗaya. Ban yi musu ba. A nan haka ake yi: mutane su fara shigowa wajen goma, a yi ta hira, a ci abinci dab da tsakar dare, ana wanke hannu kowa ya nemi takalminsa.

Abin da na manta shi ne ba 'yan nan kaɗai na gayyata ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo Umra daga Kano tare da mutum 13, yawancinsu dattawan unguwarmu da suka san ni tun ina yawo da allo. Wa zai yi walima kawunsa yana ƙasar bai kira shi ba? Da kaina na biya musu ƙaramar bas daga Makka. Direban ya ce ƙarfe goma zai juya saboda yana da wasu fasinjoji kafin asuba, na ce to, kuma wallahi ko sau ɗaya ban haɗa gomansa da sha ɗayan mai mandi a kaina ba.

Watan Janairu ne. A jadawalin Ummul Ƙura, wanda ake bi wajen lokutan salla a Saudiyya, minti 90 ne tsakanin magariba da isha'i in ba a azumi ba, don haka wajen bakwai da rabi an kira salla. Mutumin Kano kuwa in ka ce masa bayan isha'i, to yana sallame salla zai sa takalmi. Takwas da 'yan mintoci bas ta tsaya a ƙofa. Ni ina cikin tsohuwar jallabiya ina shimfiɗa darduma.

Aka zaunar da su, aka fara zagayawa da gahawa. Wanda ya san ɗan kofin nan ya san bai wuce kurɓi biyu ba, kuma in ba ka girgiza shi ba mai zubawa ba zai daina ƙara maka ba. Dattawan nan ba su san da girgizawa ba. Wani a cikinsu sai da ya sha bakwai, a kan cikin da rabonsa da abinci tun azahar, don sun ƙi cin komai saboda walima za su. Wajen tara Kawu ya yafito ni, ya rage murya ya ce, "Ɗana, wai ƙarfe nawa ake cin abinci a garin nan?" Yana da ciwon suga. Na sani sarai. Na ce, "Yanzun nan, Kawu," na fita waje ina kiran mai mandi. Ya ce naman yana cikin rami, kuma gaskiyarsa ce, mandi ba a buɗe shi kafin lokacinsa, ba wake da shinkafa ba ne da za a ƙara wa wuta.

Gwaggon matata ce ta rufa min asiri, rabi-rabi. Ta zo da 'yar kula ta tuwon shinkafa da miyar kuka don tsofaffin ɓangaren mata. Da labari ya kai mata sai ta aiko da ita gaba ɗaya. Malmala takwas, mutum 14. Kawu ya ci ɗaya ya sha magani, sauran suka yi ta tura wa juna kwano, kowa yana cewa ai ya ƙoshi. Na tura yaro ya sayo soyayyar kaza, cunkoson daren Alhamis ya riƙe shi a hanya.

Goma da kwata direba ya fara danna hon. Suka yi wa yaron addu'a, Kawu ya dafa kansa ya sa masa albarka, suka hau mota. Ko karatun da yaron ya shirya bai yi a gabansu ba, don malaminsa ma ɗan nan ne, sai goma da rabi ya iso. Sha ɗaya saura minti biyar mandi ya shigo yana tururi, a kan lokaci, kamar yadda aka yi alkawari.

'Yan Jidda da 'yan Makka sun ci sun yaba, har ana cewa an daɗe ba a ga walima irin wannan ba. Ni ko loma ban iya kaiwa baki ba. Kusan rabin rago ya ragu, muka ɗure a robobi muka raba wa ma'aikatan wurin.

In za ka haɗa baƙi daga gida da 'yan nan a taro ɗaya, rubuta ƙarfe da lamba, kuma ka rubuta na cin abinci daban da na zuwa. Ko ka raba odar biyu, tire ɗaya ya iso takwas da rabi, kuɗin duk ɗaya ne. Da na yi haka da Kawu ya ci naman walimar jikansa.

Washegari na kai musu abinci har masaukinsu a Misfala. Kawu ya yi dariya ya ce ba komai. Amma tun kafin in isa Makka mahaifiyata ta kira daga Kano, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce, "Ashe shayi ka tara mutane ka ba su?"