Shekarar da na yi ina koyon Turkanci a Konya

Da sakamakon Türkiye Bursları, wato tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, ya fito, gidanmu ya kaure da murna. Kuɗin makaranta, ɗakin kwana, inshorar lafiya, tikitin jirgi da alawus na wata-wata, duk gwamnatin Turkiyya ta ɗauka. Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya mini a wuya: kafin in taka ajin injiniya sai na yi shekara guda a cibiyar koyon harshe, wadda kowa a can ke kira TÖMER, in haura daga matakin A1 na 'yan koyo har C1 na ƙwarewa.

Baba ya ce, "Wato huɗun ta zama biyar ke nan?" Na ce haka ne, Baba. A raina kuwa asarar shekara na ɗauke ta.

Makon farko na raina abin. Malama ta ɗaga alƙalami ta ce kalem, na yi murmushi. Dünya duniya ce, haber labari, ders darasi, niyet niyya, fayda fa'ida. Mu da su duk rijiyar Larabci muka sha. Ga shi kuma tun 1928 suka koma rubutun boko, ba sai na koyi sababbin baƙaƙe ba in ban da 'yan kaɗan irin ğ da ı. Ashe ban shiga ruwan ba tukuna. Baturke yakan ajiye aikatau a ƙarshen jimla, sai ka jira shi ya gama kafin ka san zuwa ya yi ko tafiya. Sannan yana jera ɗafe-ɗafe a bayan kalma kamar taragon jirgi: ev gida, evler gidaje, evlerimizden daga gidajenmu. Babu "shi" babu "ita", kowa "o" ne. Wannan kam sauƙi ne, na gode musu.

Kuskurena ba a aji yake ba. Mu shida ne 'yan Najeriya da Nijar a ɗakunan kwana, kullum tare muke, mu dafa shinkafa da wake, mu yi ta Hausa har dare. Sanyin Konya ma ya taimaka wa lalacina, don in ƙanƙara ta sauka ko ƙofa ba na son leƙawa. Nahawu na haddace shi tsaf, amma a jarrabawar magana ta B1 aka tambaye ni yadda na yi hutun ƙarshen mako, bakina ya ƙi buɗuwa. Na faɗi.

Wani ɗan Somaliya da muka fara tare, wanda ban fi shi komai a takarda ba, ya wuce cikin sauƙi. Sirrinsa kawai shi ne kullum yana shagon wani dattijo mai kayan masarufi. Sai na bi shi. In shiga in ce "Kolay gelsin, amca", kusan dai sannu da aiki, baffa. Shi kuma ya ce "oğlum", ɗana, ya turo mini shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya, kuma ba ya jin kunyar gyara ni. Wata uku a kan kujerar robarsa suka kwance mini harshe.

Na samu C1 ɗina a lokacin zafi, na ɗauka shi ke nan. Ranar farko a ajin lissafi malami ya yi minti arba'in yana magana a kan türev, abin da ake kira derivative da Turanci, ni kuwa ina ta laluben ƙamus a waya. Turkancin sayen burodi daban, na allo daban. Da na sani, da tun ina B2 na nemi littattafan lissafi da fiziks na sakandarensu na bi su shafi-shafi, ko in roƙi izini in riƙa zama a bayan ajin 'yan shekarar farko. Abin da na sa ƙanena ya yi ke nan da nasa lokacin ya zo, shi a Ankara. Shi yanzu yake gyara mini Turkanci a waya.