Taransifoma Ɗaya Ba Ta Ɗaukar Kowane Kan Jirgi

Har yanzu ƙaurin kwayil ɗin nan bai bar hancina ba. Kan ƙaramin jirgin ƙasa na wasa ne mai aiki da lantarki, samfurin Hornby Dublo mai ƙafafu 0-6-2 (manya shida, ƙanana biyu a baya), na kamfanin Meccano da yake Libaful a wancan lokacin, wanda ya fara fitar da Dublo a 1938. Ya zo ba na'urar tuƙinsa, sai na jona masa taransifomar Märklin, kamfanin Jamus mai irin waɗannan jiragen, da nake da ita. Abin da ya ruɗe ni kamannin jiragen biyu ne: dukkansu masu layi uku ne, faɗin layinsu milimita 16.5. Amma tsohon Märklin wutar AC yake ci, mai kai-da-komo, har bolt 16, shi kuwa Dublo DC ne, mai tafiya gefe ɗaya, bolt 12, da maganaɗisu a cikin motarsa.

Jirgin bai motsa ba, gurnani kawai yake. Maimakon in kashe, sai na murɗa makunnin baya, wai ko zai juya. A Märklin wannan murɗawar tana harba kimanin bolt 24 ne don sauya alkibla. Nan hayaƙi ya tashi.

Ɓarnar biyu ce. Ɗaya daga cikin kwayil ukun amecha, wato ɓangaren motar da ke juyawa, ya ƙone, AC kuma ta raunana maganaɗisun. Na farkon mai sauƙi ne: masu rewayin a Sabon Gari za su naɗa, muddin ka tsaya a kansu su ƙirga zagayen tsohuwar wayar kafin su yar, su kuma sa mai kauri ɗaya. Na biyun shi ne mugun. Maganaɗisu in ya yi rauni motar takan ja wuta fiye da kima, ta yi zafi, ta sake ƙone sabon naɗin. Sa mitar awon amfiya tsakanin taransifoma da layi kafin ka yi murna. Nawa yanzu kusan rabin amfiya yake ja. In ka ga naka ya doshi amfiya ɗaya ba kaya a bayansa, kashe. Kuma zare amecha ba tare da an ɗora guntun ƙarfe a kan bakunan maganaɗisun ba, shi ma rage masa ƙarfi yake.

Diyod huɗu, masu barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, da makunnin juya waya, na 'yan kuɗi kaɗan, da sun mai da wutar DC. Abin da ke ci mini rai kenan.

Sauran duk kula ce irin ta Kano. Tsofaffin taransifomomin Jamus na bolt 220 ne, don haka sai da sitabilaiza, balle a kan janareta. Na Amurka irin Lionel kuwa 110 zuwa 120 ne, kada su kusanci soket kai tsaye. Da hunturu ƙura kan haɗu da mai ta zama kamar yashi a giya, saboda haka man keken ɗinki ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa, kuma kada ya taɓa burushin motar, wanda ke kai wa amecha wuta. Layin a goge da tsumma da sifirit, ban da sanfefa.

Yanzu kowace fulogi na manna mata takarda da jan biro: AC ko DC.