Kuɗin gaggawa ba ya gaggawa

Shekara tara na yi ina aiki a gidan ruwan garinmu kafin na samu izinin komawa karatu. Da malaminmu ya raba mana batutuwan nazari ya ce ni in ɗauki matsalar ruwan garin Flint na Amurka, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Maganar dalma ce a ruwan famfo, ni kuwa harkar sinadarai ita na fi ganewa. Bayan sati biyu na kai masa shafi ashirin kan yadda ruwa ke cin bututu. Ya buɗe shafi uku, ya turo mini abina.

"Injiniya, wannan ai kowa ya sani. Koma ka bi mini sawun kuɗin. Wa ya nema, yaushe ya nema, me aka ce masa, yaushe suka iso."

Na fita ina ƙunƙuni a raina, ni da ba akanta ba. Ashe can karatun yake.

Flint gari ne a jihar Michigan ta Amurka, mai mutum kusan 100,000 a 2014, wanda talauci ya yi wa katutu tun da masana'antun mota suka ja baya. Bashi ya yi masa yawa har gwamnatin jiha ta naɗa masa kantoma. Ranar 25 ga Afrilu, 2014, don a rage kashe kuɗi, aka daina sayen ruwa daga Detroit aka koma jan na kogin Flint. Ruwan kogin yana cin ƙarfe, kuma ba a zuba sinadarin da ke lulluɓe cikin bututu ya hana shi zaizayewa ba, alhali masana sun ƙiyasta kuɗinsa bai kai dala 200 a rana ba. Bututun da suka shiga dubban gidaje kuwa na dalma ne. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. A Oktoban 2014 kamfanin General Motors ya daina amfani da ruwan a masana'antarsa don yana sa kayan inji tsatsa, su kuwa mutane aka ci gaba da ce musu su sha, lafiya lau ne. Sai a Satumban 2015, da Farfesa Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech ya fitar da gwajin ruwan gidaje, likita Mona Hanna-Attisha kuma ta fitar da na jinin yara, sannan gardama ta ƙare. Aka koma ruwan Detroit a Oktoba, amma aikin gama ya gama, bututu sun riga sun lalace.

To, ga sawun kuɗin. A Janairun 2016 gwamna Rick Snyder ya kai kuka ga gwamnatin tarayya. Ranar 16 ga watan shugaba Obama ya sa hannu a matakin gaggawa, wanda ya ba da damar kashe dala miliyan 5 cikin kwana 90, a sayi ruwan gora da matatun famfo da kayan gwaji. Akwai wata ƙofa da ta fi wannan faɗi nesa ba kusa ba, ta ayyana babban bala'i, ita ma gwamnan ya ƙwanƙwasa ta. Aka ce a'a. Dokar ta tanadi wannan ne don irin su guguwa da girgizar ƙasa, ko gobara, ko ambaliya, ko fashewar wani abu. Abin da ya sami Flint ba ya cikinsu, hannun mutum ne ya jawo shi. Sau uku na karanta wannan wuri. Wato da kogin ne ya cika ya rushe matatar ruwan, da ƙofa ta buɗe. Da yake sa hannun jami'ai ne ya sa wa yara guba, sai ta rufe.

Majalisar tarayya ta cinye shekarar tana ja-in-ja. Sai a Disamban 2016 aka sa hannu a dokar da ta ware wa Flint dala miliyan 100 na gyaran bututu da sauran kayan ruwa, hukumar kare muhalli ta EPA ta saki kuɗin a Maris na 2017, ita ma jiha ta ɗora nata miliyan 20 kamar yadda sharaɗi ya tanada. Jaririn da aka haifa makon da aka juya ruwa, a lokacin har ya iya gudu da surutu.

Ina cikin rubuta wannan a ɗakin karatu sai na tuna wata takarda tawa, kunya ta kama ni ni kaɗai.

Wata damina, kafin in tafi karatu, ruwa ya shiga ɗakin injinanmu na bakin kogi cikin dare. Da asuba muka tarar da injin tura ruwa biyu sun ƙone, na ukun dama ya daɗe a kwance. Gari ya wayi gari ba ɗigo a famfo. 'Yan ga-ruwa suka ninka kuɗin jarka, mata da yara suka koma kogi da bokitai, kafin sati ya zagayo muka fara jin amai da gudawa a unguwannin gangare. Oga ya ce in rubuta neman kuɗi daga asusun gaggawa. Na zauna na rubuta irin rubutun injiniya: na fara da shekarun injinan, na bi da tsawon lokacin da aka ɗauka ba a yi musu sabis ba, na yi ƙorafin kayan gyara, ambaliya ba ta fito ba sai a sakin layi na huɗu. Takarda ta yi kwanaki tana yawo daga tebur zuwa tebur, ta dawo da layi ɗaya a gefe: wannan gyara ne, a saka shi a kasafin baɗi.

Wani dattijon ma'aikaci da ya ga jiya ya ga yau ya kira ni gefe. "Ɗana, kai ka yanka kanka. Asusun na ambaliya ne, ka je kana ba su labarin tsufan inji. Ba ƙarya na ce ka yi ba, ruwan ai ya shiga. Ina hoto? Ina sakamakon gwajin ruwa? Ina adadin waɗanda aka kwantar a asibiti? Ina ƙiyasin ɗan kwangila?" Ko ɗaya ban haɗa ba. Da na je ɗauko littafin da ake rubuta awannin aikin inji don in nuna suna aiki har daren da abin ya faru, sai na tarar wata uku ba wanda ya sa biro a ciki. Ni ne kuwa mai duba littafin.

Muka sake rubutawa. Kuɗi suka fito, amma sai da hunturu ya kama. Abin da ya mayar wa gari ruwa tun kafin nan wani mai gyara ne a bakin tasha, wanda ya sake naɗa wayar inji ɗaya bashi, don shi ma matarsa kogi take zuwa.

A da ina tsine wa masu riƙe da irin wannan asusu, har yanzu ma ban wanke su tas ba, don akwai jinkirin da ba shi da dalili sai ganin dama. Amma na fahimci tsoronsu. Kuɗin jama'a ne, mai binciken kuɗi na nan tafe, kuma in asusun gaggawa ya zama mai biyan kowane sakaci, ba gidan ruwan da zai ƙara sayen girisi. Abin da har yau ya tsaya mini a rai shi ne yadda tsarin ke juya lissafi. Kuɗin alif da kulorin da man janareto, waɗanda ba su taka kara sun karya ba, sai ka yi ta bara ba mai kallonka. Bari abu ya rushe, a nuna shi a talabijin, sai ka ji ana maganar miliyoyi. A Flint ma haka aka yi: an ƙi kashe ɗaruruwa a rana, aka ƙare da sulhun diyya na dala miliyan 626 da kotu ta amince da shi a 2021, ban da kuɗin bututu.

Kuɗin bututun ma da suka iso, sai wata ta taso: ina za a haƙa? Garin bai san takamaimai gidajen da ke da bututun dalma ba. Bayanan suna kan dubun dubatar katuna rubutun hannu, wasu sun dushe, wasu ba daidai ba ne tun asali. Masu bincike daga jami'o'i suka zuba abin da ya samu a kwamfuta suna hasashen inda ya fi dacewa a fara. A 2018, da aka kauce wa wannan hasashe, yawancin ramukan da aka haƙa jan ƙarfe aka tarar a ciki, lafiyayye, aka mayar da ƙasa, kowane rami kuma da kuɗinsa. An yi alƙawarin gamawa a 2020. Sai a 2025 aka ba da rahoton kammalawa, bayan an sauya bututu kusan 11,000.

Nan ne gabana ya faɗi sosai. Su suna da katuna, ko da sun dushe. Mu taswirarmu gara ta cinye rabinta, sauran rabin kuma yana kan Baba, tsohon mai gyaran famfonmu da ya yi ritaya. Duk sanda bututu ya fashe shi ake ɗaukowa a babur ya nuna inda bawul yake. Da a ce gobe za a turo mana duk kuɗin da muke roƙo, Baba kuma ba ya nan, garin za mu farfasa muna lalube.

Da na dawo hutu na sayi babban littafi mai bango mai tauri, na je na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da nake so. Ya yi dariya har da tari. "Sai yanzu da ƙafa ta ƙi, Injiniya?" Duk da haka ya ɗauki sandarsa. Kowace Asabar bayan sallar asuba muke fita, kafin rana ta yi zafi, shi yana nunawa, ni ina rubutawa ina ɗaukar hoto da waya. Makon jiya ya tsaya gaban teburin wani mai shayi ya buga sanda a ƙasa sau biyu.

"Nan. Inci shida ne, ya nufi masallacin Juma'a. Bawul ɗin yana ƙarƙashin bencin nan, hagu ake murɗa shi, kuma a hankali, don ya taɓa karye mini."

Mai shayi ya ce shekararsa goma sha biyu a wurin bai san a kan ruwa yake zaune ba. Na roƙe shi ya ɗaga bencin, muka tona da cebur ɗin maƙwabcinsa har murfin ya fito. Unguwa huɗu muka gama, saura goma sha ɗaya, Baba kuma ya ce Asabar mai zuwa yana da ɗaurin aure, sai dai Lahadi.