Abin da aiki ya koya mana game da zaren tsiro a kwaɓin siminti

Wasu magina kan zuba zaren rama, buntun shinkafa ko tuƙar rake a kwaɓi don rage tsagewar shafe da daɓe. Dabarar tana aiki, amma kafin a ga amfaninta sai an shawo kan zaƙin da ke cikin zaren.

Ruwan siminti yana da kaifi ƙwarai. Da zarar ya taɓa ɗanyen zare sai ya tatso sukarin da ke ciki, sukarin ya lulluɓe ƙwayoyin siminti ya hana su haɗuwa da ruwa. Kuma ba ya buƙatar yawa: giram 25 na sukari a buhu mai kilo 50 ya isa ya jinkirta kamawa da awanni. Idan ya kai rabin kilo, a kwana a wuni kwaɓin yana nan da laushi, ka danna yatsa ya lotsa. Tuƙar rake ta fi kowanne ɓarna.

Wani zai ce ai jinkiri alheri ne a zafin Afrilu, lokacin da kwaɓi ke sandarewa tun yana kwano. Ba haka ba ne. Rana da iska suna busar da sama alhali ciki bai kama ba, sai fuskar ta yi ɓawo ta tsattsage, ƙasanta kuma yana marmashewa.

Maganin shi ne wanki. A yanka zaren santimita 2 zuwa 3, a tafasa shi kamar awa guda, a zubar da jan ruwan, a ɗauraye har ruwa ya fito fari. A tsane shi ya zama da danshi kawai. Busasshe yana shanye ruwan kwaɓi, birkila ya ƙara ruwa, ƙarfi ya tafi. Kada zaren ya wuce giram 250 zuwa 500 a buhu, kuma a barbaɗa shi cikin siminti da yashi tun kafin a zuba ruwa, in ba haka ba ya dunƙule.

A fara buga bulo biyu na gwaji, ɗaya da zare ɗaya babu, a duba su washegari da rana ta 7 da ta 28, ana ba su ruwa safe da yamma.

Ginshiƙi da duk inda rodi ke ɗaukar nauyi kuwa, zare bai da wuri a ciki, domin kaifin siminti yana cin sa a hankali har ya rasa ƙarfinsa.