Abin da rage ci ya yi mini a shekara 54

Shekara biyu da suka wuce na ɗauki niyyar rage ci, bayan na karanta labarin ɓerayen Clive McCay. A 1935, a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya nuna cewa ɓeran da aka taƙaita wa abinci, muddin ba a hana shi sinadaran gina jiki ba, yana fin mai ci ya ƙoshi tsawon rai. Na ce ni ma zan gwada.

Wata shida na farko na ji daɗin jikina ƙwarai. Teɓa ta sauka, gwiwa ta daina ciwo, kuzari ya dawo. Ashe akwai dalili: kitse yana ɗauke da wani sinadari mai suna aromatase da ke juya testosteron, wato sinadarin mazakuta, ya koma irin na mata. Shi ya sa mai ƙiba in ya sauke kitse, testosteron ɗinsa yakan hau.

Kuskurena shi ne ban tsaya a nan ba. Na yi ta ragewa har ƙashin wuyana ya fito. Sanyi ya riƙa kama ni ko da rana tsaka, cinyoyina suka zube, sha'awar iyali ta ɗauke. Matata ce ta fara magana: "Maigida, wannan ramar ba ta lafiya ba ce."

Likita ya ɗebi jinina da sassafe, lokacin da testosteron ya fi yawa a jiki. Ya yi ƙasa. Ya ce da ma in namiji ya haura arba'in yakan ragu da kusan kashi 1 cikin 100 kowace shekara, ni kuma na haɗa masa da yunwa. Jiki in ya ga abinci ya yi ƙaranci, harkar haihuwa yake fara jinginewa.

Ba sabon abu ba ne. A gwajin yunwa na Minnesota, a Amurka, da masani Ancel Keys ya fara a 1944, samari 36 aka ba kusan rabin abincinsu na tsawon wata shida, sha'awarsu ta gushe. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu yabon rage ci ba sa faɗa wa maza wannan ɓangaren, alhali ko a birai sakamakon bai zo ɗaya ba: binciken Wisconsin na 2009 ya ga amfani, na wata cibiya daban a 2012 bai ga ƙarin tsawon rai ba.

Yanzu na ƙara abinci, ina ɗaga ƙarfe sau uku a mako, ina barcin awa bakwai. Wata mai zuwa zan koma a sake auna jinin.